Tsatsar da Na Yi wa Barkono

Shekaranjiya wasu samari uku suka turo mani mota gareji, ta karkace gefe ɗaya kamar jakin da aka yi wa lodi ba daidai ba. Na ce, "Mi ya same ta?" Suka ce wai a waya suka ga wani yana rage wa mota tsawo don ta kwanta ƙasa ta yi kyau, kuma cikin minti huɗu ya gama. Sai suka ari zarto suka hau sifirin. Na dama suka yanke zagaye biyu, na hagu uku, kafin su kai ga na baya cajin wayar ya ƙare. Na yi dariya har sai da na nemi tsohuwar taya na zauna. To tunda abin ya kai haka, ku matso, ku masu ganin kwalliyar mota wasan yara ce, in ba ku labarin yadda aikin yake.

Sunana Lawal, amma daga Ƙanƙara har Sabuwa in ba ka ce Lawal Wutsiya ba, babu mai nuna maka garejina. Wajen marigayi Baba Isiya na koyi aiki. Mai walda ne, kuma mai bugun jikin mota. Shekarata ta farko ban taɓa guduma ba, daga sanfefa sai bokitin ruwa. In na goge ƙofa na ce na gama, sai ya ce, "Rufe idon nan, Lawal, shi ke cutar ka. Bi ta da tahin hannu ka ji inda rami yake." Guduma uku gare shi, kowace da aikinta, da wani dunƙulen ƙarfe da ake tokarewa ta ciki in ana bugu ta waje, da tankin kabaid mai warin ruɓaɓɓiyar albasa. Ranar da na ɗauki babbar guduma na yi aikin ƙarama, da bel ɗin fanka ya raka ni har bakin titi.

Wutsiyar farko da na yi, ta wani direba ce mai jigilar Faskari. Wutsiya ita ce fiffiken nan da ake ɗora wa mota bisa but. A kalanda ya gan ta, ya ce shi ma sai an yi mashi. Baba Isiya ya ce shi bai san wannan shashancin ba, ni kuwa na ce zan iya. Na yanka kwali na fitar da siffa, na samo ƙofar tsohon firij na yanka, na lanƙwasa ta bisa turmi, na shafe da fila mai cike ramukan ƙarfe, na yi kwana uku ina guga, sannan na fesa baƙin fenti. Ta fito tana ɗaukar ido. Na ɗaure ta da 'yan ƙananan sukurori huɗu, don a lokacin ban san ƙarfin iska ba. Direba na taka mota a hanya, wutsiya ta tashi sama kamar shirwa, ta dira a gonar dawar wani. Bayan kwana biyu sai ga manomin da ita a ka, yana tambayar garejin da aka yi ta, wai in ba mai so a bar mashi ya riƙa ba kaji ruwa a ciki. Daga ranar sunan ya bi ni. Daga ranar kuma ban ƙara ɗaura wutsiya ba sai da manyan noti da faffaɗan ƙarfe ta ƙarƙashin murfi.

Amma aikin da na fi so ku ji shi ne na Barkono. Lokacin na riga na buɗe nawa garejin. Nafi'u, ɗan Alhaji Garba mai sayen masara a Faskari, shi ya kawo ta: ƙaramar mota mai ƙofa biyu, 'yar Kwatano, fara, inji lafiyayye kamar agogo. Ya fito ya zagaya ta sau biyu yana shafa ta.

"Malam Lawal, so nake in na shigo gari, ko tsohuwar da ke daka ta aje taɓarya ta leƙo."

Na ce, "Kana da haƙuri?"

"Babu."

"To je ka nemo. Wata biyu za ta yi nan."

Wata uku ta yi. Fenti kaɗai ya ci wata guda. Na kankare ta har ƙarfe, na sa na ƙasa, na goge, sannan ja sau uku. Feshi da sassafe ake yi kafin iska ta motsa, kuma sai ka yayyafa ruwa ƙasa don kada ƙura ta tashi. A feshi na ƙarshe wani ƙuda ya zo ya sauka tsakiyar bonet, ya yi tattaki kamar ya zo duba gona. Sai da na sake bonet ɗin gaba ɗaya. Da ta fito rana, mutanen layinmu suka taru, wani ya ce, "Kai, wannan ai barkono ce!" Sunan ya zauna.

Da muka zo kan sifirin, Nafi'u ya ce in yanke zagaye uku, yana so cikinta ya riƙa shafar ƙasa.

Na ce, "Kana zuwa Sabuwa wajen kakanninka ko ba ka zuwa?"

"Ina zuwa mana."

"To in na yanke uku, a ramin farko za ka bar tukunyar baƙin mai, ka ƙarasa da ƙafa."

Zagaye ɗaya na yanke a kowane, na auna da zare don su zo daidai, ina yanka ina zuba ruwa. Sifirin ba ya son zafi, in ka yanke shi da wutar walda ya mutu, sai dai ka ga mota tana rawa kamar gadon ƙarfe. Na sa mata rim masu ƙyalli, na jera fitilu shuɗɗa a ƙarƙashinta, kowane layi da fiyus ɗinshi, don na taɓa ganin motar da kwalliyar fitila ta mayar toka. Baduku ya ɗinke sitiyari da jar fata. Na haɗa akwatin katako a but na zaunar da sifika biyu manya. Ranar gwaji, da Nafi'u ya ƙure sauti, lambar motar ta riƙa kaɗawa, bunsurun maƙwabcina ya tsinke igiya, ba a gan shi ba sai washegari. Wutsiya kuwa ba sai na faɗa ba, ko da babbar mota za ka ja ta ba ta cirewa.

Salansa ce inda na yi wauta. Nafi'u ya ce yana son murya. Na fasa tukunyar salansa, na kwashe abin da ke cikinta mai kashe ƙara, na sa faffaɗan bututu. In ya taka totur sai ta yi gurnani, in ya saki kuma sai ka ji tas! tas! ta-tas! Muka yi ta tafi muna shewa kamar mun ƙera jirgi. A lokacin kuwa an fara jin labarin 'yan bindiga a dazukan yamma da mu, amma ni da shi ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ranar kasuwar Ruwan Godiya Alhaji ya aike shi ya dubo farashin masara. Hantsi ya yi, kasuwa ta cika. Nafi'u ya taho da gudu don a gan shi, da ya kusa rumfuna ya saki totur. Tas! Tas! Ta-ta-tas!

Kasuwa ta watse. Mai ƙosai ta bar kasko bisa wuta, mahauci ya haye bishiya da wuƙarshi a hannu, shanu suka ɓalle suka bi ta cikin masu tumatir. Shi kuma Nafi'u da ya ga jama'a na gudu, sai ya ɗauka 'yan bindiga ne a bayanshi. Ya ƙara taka mota, ya saki, ta ƙara harbi. Ya ci burki, ya fice ya bar ƙofa buɗe, ya shige ƙarƙashin teburin wani mai gishiri, har yana ce wa mutumin, "Baba, sunkuya, sun iso!"

Da ƙura ta lafa, 'yan sa-kai suka gane daga jar motar nan ƙarar ta fito. Suka zaƙulo shi, suka birkice motar suna neman bindiga. Yana rantsuwa salansa ce, suna cewa su ba yara ba ne. Allah ya taimake shi wani ya san ubanshi, aka ce a kira wanda ya yi aikin. A bayan babur aka zo aka ɗauke ni, da sifana a aljihu.

Na tarar da Nafi'u zaune a ƙasa ƙofar gidan mai gari, ba hula, ba takalmi ɗaya. Mutane sun yi da'ira, ba mai dariya. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta faɗi a gudun, hannunta ya karye. Na durƙusa na gaida mai gari.

Ya ce, "Malam, kai ka sa wa mota bindiga?"

"Ranka ya daɗe, bututu ne. In an yarda in nuna."

Na roƙi kowa ya tsaya inda yake, na ce za a ji ƙara amma ba komai. Na tada mota, na taka, na saki. Tas! Duk da gargaɗin, shugaban 'yan sa-kai, ƙato mai layu har gwiwar hannu, sai ga shi kwance bayan turken doki. Nan fa dariya ta ɓarke, har mai gari ya rufe baki da hannun riga. Da ya natsu ya ce, "To mun gani. Yanke ta nan gabanmu." Na shiga ƙarƙashin mota da zarto na yanke aikina da hannuna, na cusa gwangwanin madara mai huji na ɗaure da waya don ta yi shiru. A cikin Barkonon Nafi'u ya kai tsohuwar wajen ɗori, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Alhaji Garba ya ɗauki nauyin jinyarta, ya kuma aiko mani da saƙon da ba zan maimaita maku ba. Ban ƙara yi wa kowa salansa mai harbi ba, ko an roƙe ni.

Bayan wannan ne muguwar shekara ta zo. Hanyoyi suka lalace da tare mutane. Duk wanda aka ga alamar yana da abin hannu, shi ake nema. Cikin masu kawo mani aiki an ɗauke uku, biyu suka dawo. Ba mai son a gan shi, balle a ga motarshi. Aikina ya koma warware abin da na yi: a zo in ɓare baƙar ledar gilashi, in kwance rim, in cire fitilu. Wutsiyoyi suka taru a bayan gareji kamar an yi wa tsuntsaye fiɗa. Bindigar feshina ta daɗe a rataye har zanzaro ya yi gini a bakinta. Na koma walda ƙofofin gida da gyaran garma da amalanke, da su muka ci tuwo.

Ana cikin haka Nafi'u ya zo, ya shigo da Barkono har cikin rumfa ya ce in ja ƙyaure. Alhaji ya kwashe iyali ya koma Funtuwa, shi aka bari da sito da gonakin Daudawa, kuma dole ya riƙa bin hanya.

"Malam Lawal, na zo ka munana ta."

"In yi mi?"

"Ka mayar da ita abin tausayi. Wanda duk ya gan ni ciki ya ji kamar ya ba ni sadaka. Amma inji kada ka taɓa, kuma jan fentin nan in ya lalace ba ni yafewa."

Wallahi tun da shekarar ta kama ban ji daɗin aiki irin na ranar ba. Ku da kuke cewa kwalliya wuya, ku gwada munanawa. Na fara da mayar mata da dogayen sifirin don ta iya faɗawa daji in ta kama. Na kwance wutsiya da rim da ƙofofin biyu, na naɗe su cikin buhuna na ɓoye. Na samo ƙofofin wata matacciyar mota irinta, ɗaya koriya ɗaya ruwan toka, masu tsatsar gaske. Sauran jikin kuwa, rufi da bonet da gefuna, na bi su da leda mai manne, irin wadda muke yin sitika da ita, na lulluɓe jan fentin tsaf ba kumfar iska ko ɗaya. A bisa ledar na yi ɓarnata. Na fesa fari mai dishi-dishi, na dama jar ƙasa da garin katako da fenti ruwan ƙasa, na riƙa ɗiga shi da soso a inda ruwa ke kwanciya: bakin gilashi, gindin ƙofa, kewayen taya. Tsatsa ba ta fitowa inda ta ga dama, tana da wurarenta, sai wanda ya shekara yana kankare ta ya san su. Na ɗaure fitila ɗaya da robar tayar keke, na ɗaure but da igiya, na shafe inji da tsohon baƙin mai na watsa mashi ƙasa. Kujeru na rufe su da yagaggen buhu. Daga ƙarshe na kwana biyu ina watsa tsaba bisa rufin, kajin unguwa suka sa hannu a aikin.

Abu ɗaya na ƙara: wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujerar direba. In ba ka danna shi ba, ko ka kwana kana murɗa makulli ba ta ko tari.

Da Nafi'u ya zo ɗauka, ya wuce ta sau biyu yana tambaya ina motarshi. Da ya gane, ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye. Wata huɗu yana yawo da ita tsakanin Faskari da Daudawa da Sabuwa, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ce mani har wani mai faci ya taɓa ƙin karɓar ladan iska, ya ce ya je Allah ya sauwaƙe.

Rannan da azahar ina walda wata ƙofa, sai ga Nafi'u a bayan babur, ya diro tun bai tsaya ba. Lokacin ga shi an daɗe babu sabis ɗin waya, komai sai ka taka.

"Malam Lawal, Alhaji ya sayar da Barkono!"

"Wa ya saya?"

"'Yan gwangwan!"

Ashe Alhaji ya shigo Faskari da safe ba sanarwa don ya duba sito, Nafi'u na gona. Ya tarar da wani rugurgujen abu a ƙofar gidanshi, kaji na kai. Tun ranar Ruwan Godiya ba a yi mashi maganar motar, don haka bai san an canza mata kama ba. Ya ce wane mara mutunci ne ya mayar mashi da ƙofar gida juji? Ga makulli rataye a zaure, aka gwada, ko motsi. Daidai nan motar masu sayen tsofaffin ƙarafa na wucewa, ya ce su kwashe ko nawa ne. Suka ɗaure ta suka jawo ta Ƙanƙara, filin Malam Audu mai gwangwan da ke bayan tasha.

Ban ko kashe tankin kabaid da kyau ba. Muka haye babur mu uku, gilashin walda na bisa goshina. Muna shiga filin na hango ta tsakanin wata ƙonanniyar bas da tulin tsofaffin gadaje. Wasu ƙarti biyu sun hau bisa da gatura, ɗaya ya riga ya ɗaga nashi saitin rufi.

Na ƙwala ihu, "Kada ka sara! Don girman Allah kada ka sara!"

Malam Audu ya fito daga rumfa da carbi a hannu. Dattijo ne, tun ina wajen Baba Isiya yake wannan sana'a.

"Lawal, lahiya? Gawar mota ce hwa. Na kankari ƙohwa da wuƙa, tsatsa har ciki."

"Ƙofar gaskiya ce, Baba. Sauran duk ƙarya ne."

"Ƙarya kamar yaya? Ni za ka koya wa tsatsa?"

Na wuce wajen motar. Na buɗe koriyar ƙofar, na zauna bisa buhu, na laluba ƙarƙashin kujera na danna, na murɗa makulli. Barkono ta tashi da gurnani lafiyayye. Ƙartin nan biyu suka yi tsalle suka dire, ɗaya ya bar gatarinshi a sama. Nafi'u kuma don murna ya miƙa hannu ya kunna sauti, sifikun da ke but suka amsa, igiyar da na ɗaure murfin da ita ta riƙa rawa, tulin gadajen nan ya hau kaɗawa.

Malam Audu ya matso a hankali. Na fito, na sa farce a kusurwar bonet, na kamo bakin leda na ja. Tsatsa da kashin kaji suka taso kamar fatar maciji, ja ya bayyana a ƙasa yana walƙiya, har fuskarshi ta fito a ciki. Ya tsaya yana kallon kanshi. Ya karɓi ɓallin ledar daga hannuna, ya juya gaba ya juya baya, ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu.

"Mi ka sa a ciki?"

"Jar ƙasa da garin katako, Baba."

Ya nemi wani tsohon batir ya zauna. Ya ce, "Tun kahin a haihi yaron nan nike sayen tsatsa. Yau ga ta an dama mani da hannu, na saya ina godiya." Sai ya fashe da dariya, har carbin ya faɗi. Ya ce wa Nafi'u ya je shi da ubanshi su warware cinikin, shi bai iya sare wannan. Ni kuma ya ce in yi maza in mayar mata da rigarta kafin wani ya gani.

Na miƙa hannu in karɓi ɓallin ledar don in liƙa, ya hana. Ya ce in yi wata, wannan tashi ce. Ya sa ƙusa ya kafe ta a jikin rumfa, saman sikelinshi, tana nan har yau.

Kuma daga ranar, duk motar da aka jawo mashi, ko ta ƙone ƙurmus, ko bishiya ta tsiro ta cikinta, ba ya bari a ɗaga gatari sai ya tako da kanshi har garejina, ya leƙo ya ce, "Lawal, zo ka duba mani. Wannan taka ce ko ta Allah?"